Vandi Jamus da Ƙahon Yayansa

Duk wanda ya zauna a Sabon Layi ta Mubi a shekarun ƙuri'ar raba gardama ya san Vandi Jamus, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. Magini ne, ɗan gajeren dattijo mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta saboda ɗaukar dutse. Asalinsa daga duwatsun Michika yake, sunansa ma ya faɗi matsayinsa a ɗakin uwarsa, don a wajen mutanensu Vandi shi ne ɗa na huɗu. Jamus ɗin kuwa 'yan unguwa ne suka liƙa masa, saboda shi kaɗai ne a duk garin yake ba jakinsa umarni da Jamusanci, jakin kuma ya ji.

Hausarsa dai sai a hankali. Vandi bai taɓa ɓata lokacinsa wajen raba mace da namiji a Hausa ba. "Matana ya tafi kasuwa," haka yake cewa har matar ta rasu, kuma duk wanda ya gyara masa sai ya ce ai an gane. Amma ka kuskura ka mayar da tebur mace a Jamusanci a gabansa, ranar za ka ga ɓacin rai, kamar ka taka masa sabon daɓe.

Yadda harshen ya shiga bakinsa kuwa tsohon labari ne. Wata shekara da fari ya ƙone dawar kan dutse, shi da yayansa Tumba suka gangaro Mubi neman abin sawa a baka, lokacin Jamusawa ne ke riƙe da barikin garin. Tumba ya fi shi baki da fara'a, nan da nan wani hafsa da ake kira Kela ya ɗauke shi kula da doki. Vandi kuwa aka tura shi wajen magina yana kwaɓa ƙasa. Akwai wani saje a barikin wanda a ƙasarsu malamin makaranta ne kafin a sa masa kaki. Kewar koyarwa ta dame shi, sai ya riƙa zaunar da 'yan'uwan nan biyu a inuwar tsamiya yana zana musu magana da tsinke a ƙasa. Bai tsaya a "zo" da "tafi" irin na 'yan dako ba. Ya koya musu yadda ake ɗora kalma kan kalma har ta zama magana mai tsayuwa da ƙafarta, wanda ya yi kuskure kuma ya sha ranƙwashi.

Ana saura kaɗan babban yaƙin Turawa ya ɓarke, Kela ya tafi hutu gida, ya ce Tumba ya bi shi. Sunan garinsu Kasel, haka Tumba ya faɗa yana ta washe baki. Ranar tafiya ya ciro ƙahon gwankin da yake busawa idan yana korar birai daga gona, ya rataya wa ƙaninsa a wuya. Ƙaho ne mai karyayyen tsini, an ɗaure tsagarsa da waya, da wuri guda a jikin igiyarsa. Ya ce, "Riƙe mini, kada ka bari ya bushe. Kafin a yi girbi biyu na dawo." Yaƙi ya zo, Ingilishi suka kori Jamusawa, aka yi ta girbi har aka daina ƙirgawa, Tumba shiru.

A zuriyarsu akwai abin da ake yi wa wanda ya ɓata a nesa. Ana ɗaukar wani abu nasa da ya sha zufar jikinsa, a kai shi makabartar dangi a kan dutse, a binne a madadinsa, a yi kuka, a ci a sha, sannan a ce ya dawo gida ya kwanta cikin kakanninsa. In ba a yi haka ba, yana nan tsaye a bakin hanya, ba shi cikin masu rai, ba shi cikin matattu. Abin Tumba da ya rage a duniya kuwa ƙahon nan ne kaɗai. Uwarsu ta roƙi Vandi har ta mutu, kawunnansa suka yi faɗa har suka gaji, ya ce shi ba zai binne mutumin da bai ji labarin mutuwarsa ba. Ko da ya karɓi baftisma daga baya, ya zama ba ya fashin majami'a ranar Lahadi, wannan magana ba ta canza ba. Ƙahon yana rataye a ƙusa a saman gadonsa, yana shan man gyaɗa duk lokacin da fatar Vandi ta sha.

Abin da bai cika faɗa wa kowa ba shi ne dalilin da ya sa ya hana Jamusanci mutuwa a bakinsa. Ya auna a ransa cewa mutumin da ya daɗe haka a can, ai harshen uwarsa ya gudu. Ranar da Tumba zai sauko daga mota a tashar Mubi da furfura da sanda, dole a samu wanda zai ce masa sannu da zuwa ya gane. Shi ya sa jaki bayan jaki suka sha Jamusanci, awaki suka sha, 'yarsa Miriyamu ma ta sha nata rabon har ta yi aure a Kolere ta huta.

Sai ga shekarar 1959, aka ce mutanen yankin su jefa ƙuri'a a kan makomarsu, magana ba ta mutu ba, aka sake kiran wata a farkon 1961, ko Nijeriya ko Kamaru. Gari ya cika da motoci masu lasifika da Turawan Majalisar Ɗinkin Duniya masu sa ido. Wasu tsofaffi suka ɗauki jita-jita wai in aka zaɓi Kamaru Jamusawa ne za su dawo, sai aka riƙa tare Vandi a hanya ana tambayarsa wane akwati zai jefa. Abokinsa Bobboi, wani Bafulatani mai sayar da goro a bakin layi, wanda ba ya iya wuni bai tsokane shi ba, ya ce, "Soobajo, abokina, kai dai mun san akwatinka. Iyayen gidanka za su dawo su naɗa ka sarkin jakuna."

Vandi ya ce, "Ni akwatin da zai kawo Tumba nake nema. In babu shi, ku jefa ni duk inda kun ga dama."

Abin da ya sa a gaba shi ne Turawan. Duk farar fatar da ya gani sai ya cire hula ya gaishe shi da Jamusanci, yawancinsu su yi murmushi su wuce. Rana ɗaya dai, a bakin wata rumfar zaɓe, wani dogo ya tsaya cak ya amsa. Ba Bajamushe ba ne, daga wata ƙasa yake maƙwabciyarsu, amma yana jin harshen. Suka yi 'yar hira, Vandi ya tambaye shi ko ya san wani baƙin mutum mai suna Tumba a Kasel. Baturen ya ce bai taɓa zuwa garin ba, ya ba shi hannu, ya shiga mota.

Wanda ya tsaya yana kallon wannan abu baki buɗe shi ne Kalibu, saurayi malamin firamare, wanda aka ɗauko ya yi tafinta a rumfar saboda Turancinsa. Shi ma ɗan dutse ne, ƙauyensu yana kallon na su Vandi. Yana da kaifin kai da tsabtar riga da saurin dariya, irin samarin nan da tsofaffi ke so tun ganin farko. Ya ji ana cewa wata ƙungiya za ta riƙa kai samari Jamus ta Yamma koyon aikin injuna, kuma wanda ya ɗan iya harshen shi ake fara dubawa. Ba a jima ba sai ga shi a ƙofar gidan Vandi, ya durƙusa har ƙasa.

Ya ce, "Baba, so nake ka koya mini."

"Kai da cikinka ya cika da Turanci, me za ka yi da maganar jaki?"

"Jamus nake so in je, Baba."

Vandi ya dube shi sama da ƙasa. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da ƙahon a hannu biyu, ya ba shi labarin Tumba tun daga tushe. Sannan ya ce, "Ba na son ko anini naka. In Allah ya kai ka, ka je Kasel. In yana da rai, ka ba shi wannan, zai san wanda ya aiko ka. In ya mutu, ka nemi kabarinsa, ka tona gefe ka sa masa, ya san gida bai manta shi ba." Kalibu ya dafa ƙirji, ya ɗaga ido sama, ya ce Allah ne shaidarsa.

Makarantar Vandi ba ta da allo. Da la'asar, idan ya taso daga aiki, sai ya share ƙasa a gindin darbejiya ya zube tsakuwa. Baƙin dutse shi ne der na namiji, farin dutse die na mace, tsingaro das na abin da ba namiji ba mace, kowane suna kuma sai ya zo da dutsensa a gabansa. Kalibu ya ce a Turanci ai the guda ɗaya ta ishi kowa da kowa. Vandi ya ce shi ya sa ginin Ingilishi ba ya daɗewa. Da aka zo kan yarinya, ya ga an ajiye mata tsingaro, Kalibu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Haba Baba, yarinya ba mace ba ce?"

"Das Mädchen. Haka na same shi, haka zan bar maka shi. Ni ma na tambaya, ranƙwashi aka ba ni."

Kalmar aiki kuwa turke ce, wani guntun ƙarfe da yake kafawa a ƙasa. A magana miƙaƙƙiya wurin turke na biyu ne, ko sama da ƙasa za su haɗu. Ich baue ein Haus, ina gina gida. In ka fara da "yau", sai mai ginin ya matsa ya koma bayan turke, Heute baue ich ein Haus. A nan ne Turancin Kalibu ya riƙa yi masa ƙafar ungulu, don ya saba sa mai aiki kafin aiki, sai bakinsa ya suɓuce ya ce Heute ich baue. Vandi ba ya faɗa, sai dai ya tsuke fuska ya rushe tsakuwar da ƙafa, a sake daga tushe. Da suka kai ga weil, wato "saboda", turken ya tashi ya koma can ƙarshen layi. Vandi ya ce, "Bajamushe zai tara maka kaya tuli, wane da wane, a ina, yaushe, amma abin da aka yi sai a ƙarshe zai faɗa. Kada ka katse shi. Ka jira."

Akwai magana ɗaya da ba a tashi darasi sai an maimaita ta. Ich suche einen Mann aus Mubi. Er heißt Tumba. Ina neman wani mutum daga Mubi, sunansa Tumba. Kalibu ya faɗe ta har ta zauna masa kamar addu'ar cin abinci. Bobboi ma ya haddace ta daga inda yake zaune, yana rera wa masu sayen goro a karkace, Vandi yana jifansa da tsingaro.

Gaskiyar magana, Vandi ya so yaron nan. 'Ya'yansa maza duk sun mutu tun suna ƙanana, sai ga wani ya zo da kansa yana zama a gabansa yana kwashe abin da ya ɓoye shekara da shekaru. Ya daina ce masa Malam, ya koma ce masa ɗana. Miriyamu ce kaɗai ta ɗan ja baya. Ta zo wuni wata rana ta ce, "Baba, ka ba shi harshen, ba laifi. Amma ƙahon fa? In ya ɓata a hanya, me za mu binne?" Vandi ya ce mata ita ba ta san mutane ba, ta je ta duba tuwonta.

A shekarar 1963 aka ɗauki Kalibu. An ce da aka gwada su, shi kaɗai ne ya iya haɗa magana ta tsaya. Vandi ya raka shi tasha cikin rigarsa ta zuwa majami'a, ya rataya masa ƙahon a wuya kamar yadda aka taɓa rataya masa. Kafin mota ta tashi ya hango Kalibu ya cire shi ya tura cikin akwati, ya ce a ransa ai don kada ya karye ne. Ya dawo gida ya tarar da ƙusa a saman gado babu komai a jikinta, ya kasa cin abinci ranar.

Shekaru suka shuɗe. Jefi-jefi wani daga majami'a yakan ce Kalibu yana gaisuwa, Vandi ya tambaya ko akwai wani saƙo bayan gaisuwar, a ce babu. Aka yi juyin mulki, yaƙin basasa ya tashi, samarin Mubi suka yi ta shiga soja. Ana cikin haka, a 1968, sai labari ya zo Sabon Layi cewa Kalibu ya dawo da gemu da kwat, an ba shi babban aiki a wurin gyaran motocin noma. Vandi ya share tsakar gida, ya sa aka kama zakara, ya zauna jira. Zakara ya yi ƙiba a ɗaure, baƙo bai zo ba. Bobboi ya ce, "To, ko dai kai za ka je? Manya yanzu ba sa taka ƙasa." Vandi ya ce ai aiki ne ya yi wa yaron yawa, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Kalibu ya tarbe shi da rawar jiki, ya ba shi kujera mai taushi, ya kawo shayi. Ya gaishe shi da Jamusanci mai santsi irin wanda Vandi bai ji ba tun zamanin saje, har idon tsohon ya kawo ruwa. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, sai haƙuri. Na je Kasel tun a shekarata ta farko. Na same shi, amma a kabari." Ya ce Tumba ya tsufa a gidan su Kela yana kula da lambu, mutanen unguwa suna sonsa, an binne shi a gindin wata babbar itaciya, har da dutse mai sunansa. Ya ce da hannunsa ya tona gefen kabarin ya sa ƙahon, ya mayar da ƙasa, ya yi addu'a. Vandi bai katse shi ba har ya kai aya. Da ya gama, tsohon ya kama hannayensa biyu ya kifa fuskarsa a kansu, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko a mutuwar uwarsa.

Ya hau dutse ya tara dangi, ya yanka akuya, ya gaya musu Tumba ya kwanta, ƙahonsa yana gefensa. Aka ce ranar Vandi ya yi rawa har zaninsa ya kwance. Ya dawo Mubi kamar an sauke masa buhun gishiri daga ka, ya riƙa tsokanar Bobboi tun kafin Bobboi ya fara.

Da ya ji Kalibu ya yi aure, ya samu fili a Yelwa zai yi gida, bai tsaya shawara da kowa ba. Ya ɗaura wa jakinsa mangala, ya riƙa kwaso yashi daga mayo, wato rafin garin, ya zaɓo duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ya kafa harsashin gidan da hannunsa, yana tsoho mai kusan saba'in. Kalibu ya yi ta cewa, "Baba, don Allah ka bari, ka huta," yana faɗa yana kallon gefe. Vandi ya ɗauka kunya ce irin ta ɗa mai tarbiyya. Ya ce masa, "Kai ka kai nawa gida. Bari ni ma in kafa naka."

Ranar da za a tare a gidan, da hantsi, Vandi yana tsakar gida yana duba wata 'yar tsaga a dandamali, sai matar Kalibu ta leƙo. Liyatu sunanta, yarinya mai sakin fuska, ba ta san komai a kan ƙaho ba. Ta ce, "Baba, zo ka buga mana ƙusa a falo, kai ka san inda bangon nan yake karɓa." Ya shiga da hamarsa. Ta jera hotuna masu gilashi a kan kujera, tana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya tana bayani. Wannan a wurin aiki ne, wannan cikin ƙanƙara ne, dubi yadda ya dunƙule. Ta miƙo wani babba ta ce, "Wannan kuma maigidan da ya zauna a wurinsu ne da matarsa, a falonsu. Ranar da zai taho gida aka ɗauka, ga akwatinsa nan ma a gefe."

Idon Vandi ya fara rauni, saboda haka ya ɗauki hoton ya matsa bakin ƙofa inda rana take. Ga wani ƙaton Bature mai tumbi a dama, ga matarsa a hagu, ga Kalibu a tsakiya yana dariya. A bangon da ke bayansu, daidai saman kan Kalibu, tsakanin agogo da wani farantin ado, an rataye ƙaho. Ya kawo hoton kusa da hancinsa. Ga karyayyen tsinin, ga wayar da aka ɗaure tsagar da ita, ga wurin nan guda a jikin igiya. Abin da ka shafa wa mai kusan shekara hamsin ba ka bukatar a gaya maka shi ne.

Ya ce, "Liyatu, ka ce yaushe an ɗauka wannan?"

"Ranar da zai taho gida, Baba. Lafiya?"

Daidai nan Kalibu ya shigo da tabarma a kafaɗa. Ya ga abin da ke hannun tsohon, ya ga fuskarsa, sai tabarmar ta zame ta faɗi. Ya fara magana tun ba a tambaye shi ba. Ya ce Kasel da nisa daga garin da aka kai shi, ga sanyi, ga aiki babu hutu. Ya ce a Kirsimetinsa na farko kowa a gidan ya ba shi kyauta, shi kuwa ba shi da abin bayarwa, maigidan kuma ya daɗe yana sha'awar ƙahon, a hannunsa kuma takardar shaidar aikinsa take. Ya ce ya yi niyyar karɓowa daga baya, bakinsa ya yi nauyi. Ya ce, "Baba, ƙasar da yaƙi ya rushe har sau biyu, ina zan ga mutum ɗaya a cikinta? Na faɗa maka abin da na faɗa ne don hankalinka ya kwanta."

Vandi ya bar shi har ya ƙare, sannan ya ce, "To aika a kawo shi."

Kalibu ya durƙusa. Ya ce ya riga ya aika, tun ranar da ya ji labarin rawar da aka yi a kan dutse. Amsa ta zo cewa maigidan ya rasu, 'ya'yansa sun kwashe kayan gidan sun sayar da shi, babu wanda ya san inda ƙahon ya shiga.

Liyatu ta toshe baki da mayafi. Ba fushi kaɗai ne ya kama Vandi ba, har da kunya. Ya tuna akuyar da ya yanka, da dangin da ya tara ya yi wa ƙarya da bakinsa, da rawar da ya yi a kan kabarin da babu shi, da yashin da ya kwaso daga mayo a bayan tsohon jakinsa. An ci amanarsa, an kuma bar shi yana godiya. Ya ce a hankali, "Maganar nan da na koya maka, wanda ba mu tashi sai ka faɗa. Ka taɓa faɗa wa wani a can? Ko mutum ɗaya?"

Kalibu bai ɗago kai ba.

Vandi ya juya hoton, ya ɓalle bayansa, ya zare takardar ya sa a aljihu, ya ajiye gilashin da katakonsa a kan kujera. Ya ɗauki hama ya ƙarasa buga ƙusar da ya fara, don bai saba barin aiki rabi ba, ya fita ya bar ta a bango babu komai a jikinta.

Da ya nuna wa Bobboi hoton, Bobboi ya duba ya daɗe, ya mayar masa, ya ɓare goro ya ba shi rabi. Ranar ce kaɗai a tsawon zamansu da bai tsokane shi ba. Miriyamu kuwa, da ke da damar cewa ai ta faɗa, ba ta ce ba. Da ta ji ubanta ya ce zai kai hoton kan dutse ya binne, tunda shi ne abin da ya rage, sai ta ɗauko almakashi ta ce, "Bari in yanko ƙahon kaɗai, Baba. Ba a sa hoton masu rai a rami."

Ya ce, "Yanke Turawan. Su ba su san komai ba, kyauta aka ba su."

Ta yanke na dama, ta yanke na hagu, ya rage ɗan siririn tsakiya, ƙaho a sama, Kalibu a ƙasa yana dariya. Ta kai almakashin tsakaninsu, sai ya riƙe hannunta.

"Wannan ka bar shi."

Haka aka binne shi. Dattawan dangi sun yi ta gardama a bakin ramin, ko takarda za ta iya tsayawa a madadin mutum alhali ba ta taɓa shan zufarsa ba. Wasu suka ce za ta iya, wasu suka ce ina, a ƙarshe aka mayar da ƙasa don babu abin da ya fi. Ba a yanka komai ba, ba wanda ya yi rawa. Ko Tumba ya shigo gida, ko har yanzu yana tsaye a bakin hanya, Vandi bai sani ba, kuma rashin sanin nan ne ya ci shi har ƙarshen ransa.

Kalibu ya yi ta zuwa ban haƙuri. Ya zo shi kaɗai, ya zo da Liyatu, ya zo da dattawan majami'a. Vandi yakan gaisa da kowa, ya tambayi Liyatu gida da yara, ya ba baƙi ruwa, amma idonsa yakan tsallake Kalibu kamar babu kowa a wurin. Da fasto ya matsa masa da maganar gafara, sai ya ce shi ba ya riƙe da kowa, amma bai iya hira da wanda ya binne da hannunsa ba. A haka ya zauna har ya rasu a daminar 1974, Miriyamu ta kai shi kan dutse aka sa shi kusa da ɗan ramin nan.

Abin da 'yan Sabon Layi suka fi tunawa dai shi ne safiyar da ya koma aiki bayan saukowarsa daga dutse. Ya ɗora wa jakinsa mangala a ƙofar gida, ya tsaya a bayansa yadda ya saba. Jakin nan tun yana ɗan aholaki bai san wata kalmar tashi ba sai ta Jamusanci, ya kafa kunnuwa yana jira. Vandi ya buɗe baki zai faɗe ta, ya fasa. Ya ce masa "tafi" da Hausa, ya faɗa da harshen dutse, jaki ko gezau. Bobboi yana kallo daga kan tabarmarsa, ya kawar da kai. Tsohon ya zagaya gaba, ya naɗe igiyar a hannunsa, ya ja shi da ƙarfi suka nufi mayo.